Ranar da Tuwon Nuriyya Ya Ƙone

A bakin rijiyar dabbobi ta Dakoro Zakiru ya fara ganin Nuriyya, goye da ƙaninta, tana kora awaki, littafin lakwal, wato makarantar boko, a hammata.

Ya ce, "Sannu, mai iya komai."

Hararar da ta watsa masa ta kusa mayar da shi gida. Ba yabon da ta tsana kamar wannan. Ita ce 'yar fari a gidan Elhaji Sallau. Tun tana shekara bakwai ita ce daka, ita ce reno, ita ce kai fura kasuwa, kuma dole ta zo ta ɗaya a aji. In ta yi daidai, shiru. In ta kuskure, "Babba da ke!" Saboda kunyar 'yar fari, mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke".

Zakiru ya nemo lambarta ya rubuto: "Yi haƙuri, Nurina. Ba 'yar aiki nake nema ba, ke nake so."

Ta amsa: "Mi za ka so a wanda bai san komai ba sai wahala?"

Bai gaji ba, har zuciyarta ta sauko. Amma da kawunsa Attaher ya zo neman aure, Elhaji ya ce a jira ƙannenta su tasa. "In ta tahi, wa zai riƙe mini gida?"

Nuriyya na madafa, ta ji komai. Ranta ya ɓaci. Ta naɗe hannu tana kallon tuwo har ya ƙone, sannan ta kwashe ta dire gaban baƙi.

"Baba, yarinya ce ni sa'ad da ka ɗora mini gidan nan. Sannu ɗaya nake jira har yau. Na gaji."

Attaher ya gutsuri ƙanzon ya haɗiye. "Elhaji, yaronmu ya ce ko ruwa ba ta iya dafawa ba, ita yake so."

Elhaji ya sunkuyar da kai, ya amince da auren.

Ranar da za a kai amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta tana jiran a sake lissafa mata ayyuka. 

"Nuriyya," ya ce.

Mata suka kama baki.

"Sannu, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka. Tahi ki huta."

Ta fashe da kuka irin na 'yar shekara bakwai.