Maganinta Tsada

A wani zamani, can inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, an yi wani marowaci wanda ko ƙuda ya taɓa tuwonsa sai ya bi shi ya karɓo. Ran nan zazzaɓi ya kama 'yarsa tilo. Ya je wurin wata tsohuwa mai magani, ta ce, "Maganinta tsada."

Ya dafe aljihu ya ce, "Ni da tsada? Allah ya tsare!" Ya koma ya ba yarinya ruwan zafi. Jiki ya ƙi, ya ba ta ruwan sanyi. Aka wayi gari ta daina kiran Baba.

Sai ya jawo jakinsa, ya ɗaure shi a wani ɗan itace mai ƙaya a ƙofar tsohuwa, ya ce, "Iya, ga jakina. Komai tsadar maganin, ba ni."

Tsohuwa ta ce, "Malam, ai itacen nan ne tsada, ganyensa ake dafawa. Maza kwance jakinka, ya kusa cinye maganin."

Yarinya ta warke. Jakin ma, an ce, bai taɓa zazzaɓi ba.