Amaryar da Ba Ta Iso Ba

"Baiwar Allah, aje kwanon nan ki hita. Matata kaɗai ke kawo mani abinci."

Sumayya ta tsaya riƙe da tuwon.

"Mas'ud, ni ce fa... Sumayyarka."

"Kama kam kin kwaso, har wushiryar. Amma ba ke ba ce."

Wasan ƙawaye ne ya jawo. Ranar da aka kawo ta Ketare daga Yankara, suka lulluɓe ƙawarta Bilki a kan gado, ita suka ɓoye ta bayan labule, wai a ja wa ango rai wajen sayen baki. Mas'ud ya ɗaga mayafi, kowa ya fashe da dariya ban da shi. Tun ranar yake jiran a kawo masa ta gaskiyar.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, har asibiti a Katsina an je. Likita ya ce ciwon ruɗin tunani ne, kuma iri-iri ne: wani ya rantse ana farautarsa, wani ya ɗauka shi waliyyi ne, wani ya ga an musanya masa masoyi. Da ma ciwon na kwance, wasan tayar da shi kawai ya yi. Magani kuwa Mas'ud ya ƙi sha, wai makircin baƙuwar ne.

Abin da ya fi ci mata rai, a waya yana gane ta sarai. Sai ta laɓe bayan rumbu ta kira mijin da ke cikin ɗakinta, ta sha "hasken idona" har ta ƙoshi, ta share hawaye ta koma baƙuwa.

Da kaka ta yi, mahaifinta, Malam Maharazu, ya zo da kansa.

"Haƙuri ya ƙare. Sawwaƙe wa ɗiyata."

Mas'ud ya durƙusa da ladabi.

"Baba, wagga ban aure ta ba balle in sake ta. Sumayya kuwa, ko da wuƙa a wuyana."

Haka aka sa ta a mota, ba saki, ba aure. Ba su kai Kankara ba wayarta ta yi ƙara.

"Hasken idona, albishirinki! Sun tahi da ita. Na share ɗakinki, na sa turare... yaushe za ki zo?"

Ta toshe baki da mayafi don kada ya ji kukan, motar na ƙara nisa da shi.

"Ina hanya, masoyina."

"Ina bakin ƙofa," in ji shi.