Hular Fata da Aka Jiƙa

Ranar wata Talata cikin Nuwamban 1994 aka kira Insifekta Abdurrahman Dada, aka ce an yi sata a wani ƙaramin gidan tarihi da ke St. George, wata unguwar New York a tsallaken ruwa, inda ake ajiye kayan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ya hau jirgin fito yana tsaki. Shekararsa goma sha wani abu a aikin ɗan sanda a New York, har yau bai gane daɗin wasan da ƙarti ke karo da kai kamar raguna ba.

Shugabar gidan, wata Baturiya mai furfura, ta bi da shi ta cikin zaurukan. Ga riguna masu lamba a jikin bango, ga kofuna, ga hotunan samari masu wuya kamar turmi, waɗanda galibinsu sun daɗe a ƙasa. Ta tsaya gaban wani akwatin gilashi mai hular fata a ciki.

"Wannan ce aka sace," in ji ta.

"To ai ga ta nan."

"Ba ita ba ce. Tamu ta wani ɗan wasa ce na shekarun 1930, kuma tana da yaga a kunnen hagu. Wani tsoho mai yawan zuwa ziyara shi ya lura cewa wannan lafiyarta lau."

Dada ya karanta allon da ke ƙasan akwatin. An rubuta cewa mai hular ya yi shekara da shekaru yana wasa, ba a taɓa fitar da shi daga fili a sume ba. Ya sa aka buɗe, ya ɗauki hular ya kai hanci. Warin bagaruwa ne, irin na majema, wanda rabonsa da shi tun yana Kano. Ɗinkin kuwa na basilla ne da zaren fata.

Mai gadin gidan, Abdul-Fatawu, mutumin zangon Kumasi, tun safe yake zaune a ofis, ɗan sanda na tsaye a kansa. Makullin akwatin a hannunsa yake, don haka kowa ya riga ya yanke masa hukunci.

"Wa kake bari ya shigo ta ƙofar baya?" Dada ya tambaye shi da Hausa.

"Masa, wallahi ba kowa. Ni kaɗai," in ji shi; "masa" a bakin mutanen Kumasi maigida ke nan.

"Kai kaɗai kake alwala da buta biyu? Na gan su a bayan ƙofa, da kwali shimfiɗe yana kallon gabas."

Abdul-Fatawu ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa ko taku biyu bai kai ba.

"Baba Amadou ne, mai saida jaka a bakin titi. Sanyi ya yi yawa, na ce shi riƙa shigowa shi yi salla. In manaja ta ji, aikina ya tafi."

"Aiki kake ji? Kurkuku ake shirya maka. Ranar da ake goge gilashi, ina kake barin makullin?"

"A aljihun kot ɗina. Nakan rataye shi in na shiga alwala."

Dada ya fita bakin titi. Gurbin teburin Amadou babu kowa sai tattabaru. Wata mai sayar da turare a gefe, Hawawu, ta fara cewa ba ta san shi ba, sai da ta ga katin aiki sannan bakinta ya buɗe.

"Baduku ne, daga Zinder. Tun da ɗansa Imran ya samu matsala ba ya zama sosai."

"Wace matsala?"

"Wannan wasan nasu mana. A fili suka yi karo, aka ɗauke shi kamar gawa. Shekara guda ke nan ba ya tashi, ba ya magana. Uwar ta rasu tun yana ƙarami, uban ne ke masa komai."

Dada ya so a ce bai yi tambayar ba. A jirgin komawa ya tsaya jikin ƙarfe yana kallon ruwa mai launin toka, ransa a dagule. In ya yi shiru, Abdul-Fatawu zai tafi gidan yari a kan laifin da bai yi ba. In ya yi aikinsa, zai raba majinyaci da mutum ɗaya tak da ke juya shi a gado.

La'asar sakaliya ya hau matakalar wani tsohon bene a unguwar Highbridge, inda Hawawu ta kwatanta masa, wani abokin aikinsa na jira a mota. Dattijo siriri ya buɗe ƙofa, yatsunsa duk kanta.

"Salamu alaikum, Baba. Insifekta Dada ne."

"Bismilla, mushe. Lahiya dai?" in ji shi; "mushe" a bakin mutanen Zinder yallaɓai ke nan, daga Faransanci.

Ɗaki ɗaya ne da falo. Fatu a jingine, basilla da wuƙa a kan tabarma. A gadon da ke jikin taga wani saurayi dogo yana kwance, idonsa a kan rufi. Kafaɗunsa masu faɗi ne har yanzu, amma naman ya zube.

"Yaushe rabonka da gidan tarihin nan na St. George?"

"Ni ban shiga can. Bakin hanya nike sana'ata."

"Ko salla ba ka shiga yi?"

Dada ya duba ƙarƙashin gadon, ya jawo wani baho da aka rufe da tawul. Ruwan ciki ya yi ja kamar shayi. A tsakiya ga hular nan ta kumbura ta yi laushi, ɗinkinta ya saki, yagar kunnen hagu ta wage har ƙeya. Abin da ya shekara sittin a bushe ya zama tsumma.

"Baba, me ka yi haka?"

Dattijon ya zauna a bakin gado, ya dafa ƙafar ɗansa.

"Ni na kai shi gidan tarihin nan da ƙahwata, yana ɗan shekara tara, don ya ga inda nike aiki. Nan ya ga hulunan, nan wasan ya shiga ransa. Likitoci sun ce sun gama nasu. Na buga waya gida, wani mai magani ya ce in samo abin kan wanda ya yi wannan wasa ya gama lahiya, in jiƙa, in riƙa wanke mishi kai da ruwan. Shi Imran ya taɓa karanta mini allon, ban manta ba."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dada ya san haka, amma haushi bai bar shi ba, haushin mai maganin da ke can zaune lafiya a inuwa.

"Ka ɗinka wata ka ajiye. Me ya hana ka yaga kunnen yadda tasu take?"

"Na ɗauki wuƙa, hannuna ya ƙi. Tun da ubana ya koya mini dukanci ban taɓa hidda aiki da yaga ba. Niyyata in ya tashi in gyara musu tasu in maida."

"Ya samu sauƙi?"

Amadou ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa.

"A'a."

"Abdul-Fatawu yana tsare saboda kai."

Nan ne dattijon ya rufe fuska da tafin hannu. "Wanda ya ba ni wurin salla? Subhanallahi. A sake shi, mushe. Ni na ɗauki makulli, bai san komi ba."

Dada ya yi waya ofis a saki mai gadi, sannan ya kira asibiti su aiko a ɗauki Imran. Bai taɓa jin nauyin kan waya irin na ranar ba. Amadou ya roƙi a bar shi ya juya yaron. Ya tura hannu ƙarƙashin kafaɗarsa, ya mirgina shi a hankali, ya gyara matashi, ya goge masa baki.

"Zan je in dawo, Imran. Ka yi haƙuri da mutanen da za su zo."

Idon saurayin ya bi shi har ƙofa. Ko ya gane, ko bai gane ba, Allah kaɗai ya sani.

Sai da ma'aikatan asibiti suka iso sannan Dada da dattijon suka sauka. Dada bai sa masa ankwa ba. A cikin mota dattijon ya matso, ya taɓa masa kafaɗa.

"Mushe, kai ka iya Turancinsu. Ka hwaɗa musu ba shi haɗiye abinci sai an tallabe mishi kai ta hagu. In ba su sani ba, za shi shaƙe."

Dada ya ce wa abokin aikinsa ya dakata. Ya buɗe ƙofa ya koma sama da gudu.