Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mai gyara ya ɗaure murfin kwamfutar, ya goge hannunsa da tsumma, ya kira matarsa da 'yarsa su zo su ga aiki.

Tsohuwar kwamfuta ce, irin mai ƙaton akwati da ake turawa ƙarƙashin tebur, farinta duk ya koma ruwan ƙasa. Ta yi shekaru a ɗakin ajiya na bayan gida, ƙarƙashin matattun rediyo da fankokin da masu su suka manta da su. Da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta samu gurbin karatun akanta aka ce dole sai da kwamfuta, shi ne ya tuna da ita. Ya ciro ta, ya busa ƙurar cikinta, ya kwance har akwatin wutarta ya share ya mayar. Ya ƙara mata ram, ƙwaƙwalwar da ke sa ta sauri, ya cire tsohon rumbun ajiyarta ya sa sabo. Abin da ya rage kawai a ɗora mata babbar manhajar da za ta tashe ta.

"Baban Auta, wannan ai ta girmi mai ita," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Ke ma kin girme ta, ga ki nan kuma kina aiki."

Auta ta yi dariya. Ya soka filashin da manhajar ke ciki, ya danna maɓalli. Fanka ta juya, allo ya yi haske, rubutu fari ya fito a kan baƙi yana cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba.

Bai damu ba. Ya shiga saitin farko na injin, ya ɗora filashin a sahun gaba, ya sake kunnawa. Saƙon bai canza ba. Ya ce tsohon inji ne, wataƙila bai san filashi ba, ya kwafi manhajar a faifai ya zura. A wannan karon ta fara karantawa. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara tafiya a hankali, ya kai tsakiya, ya tsaya. Allo ya mutu. Daga cikin akwatin sai ga wani ƙara siriri, a tsinke a tsinke.

A daidai nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Mai gyara ya leƙa waje, layin babu kowa, an kira sallar magariba duk an watse. Yana dawowa na biyu ya faɗo, na uku kuma a tsakar gida ya sauka, ya gangaro har gaban matarsa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yi saurin yar da shi.

"Da zafi," ta ce a hankali.

 Mai gyara ya zare wayar wuta, suka tafi yin alwala.

Kwanakin da suka biyo baya, da ya dawo daga shago sai ya zauna gaban kwamfutar. Mutum ne da bai taɓa yarda inji ya kayar da shi ba, kuma ya yi wa Auta alkawari a gaban uwarta. Ya lura kwanan watan injin kullum komawa yake wata tsohuwar shekara, ya canza ƙaramin batirin agogonta. Ya gano sabon rumbun an tsara shi da tsarin zamani wanda tsohon inji bai iya karantawa, ya goge shi ya mayar da shi tsarin da. Ya ce ko manhajar ce ta yi mata nauyi, ya nemo mara nauyi. Ya cire ram ɗin da ya ƙara, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowace matsala ya samu ta gaske ce, kuma ya gyara ta. Amma da an kunna, da ciki ya fara ɗumi, sai komai ya tsaya cak, ƙaran nan ya biyo baya, duwatsu kuma su fara sauka.

Daga baya duwatsun suka daina tsayawa a kan rufi. Cikin ɗakin suke faɗowa, silin lafiya lau babu huda. Matarsa ta ce ta ji muryar mace a ɗakin ajiya da yamma, tana kira ƙasa-ƙasa kamar uwar da ke neman yaro a gidan da ba nata ba. Auta ta daina cin abinci sosai. Takan zauna a gefe tana kallon akwatin, littafinta buɗe a cinya ba ta juya shafi.

"Baba, ka bar ta haka," ta ce masa wata yamma. "Zan riƙa aro a makaranta."

"Saura kaɗan. Na kusa gano ta."

"Wannan ƙaran ba na inji ba ne. Kuka ne."

"Kowane inji yana da kukansa, Auta. Da shi yake faɗa wa mai gyara inda ke masa ciwo."

Ya danna maɓallin. Layin ya fara tafiya, ya wuce tsakiya, ya wuce inda bai taɓa kaiwa ba. Ƙaran ya fara, shi kuwa ya ƙi kashewa, ya ce yau sai ya ga ƙarshenta. Ɗakin ya yi duhu, hasken allon ne kawai a fuskokinsu. Sai ya ji Auta ta miƙe tsaye a bayansa.

"Kashe."

Ba muryarta ba ce. Murya ce mai kauri, a shaƙe, ta babbar mace da ta daɗe tana kuka. Ya juya. Idanun Auta a buɗe suke amma ba shi suke kallo ba. Ta miƙa hannu ɗaya ta ture shi, shi da kujerar suka bugi bango. Ta fizge wayar wutar, ta durƙusa ta rungume akwatin, ta manna kumatunta a jikin ƙarfen.

Uwar ba ta yi ihu ba. Ta ja mayafinta, ta fita da sauri babu takalmi.

Malamin da ta zo da shi dattijo ne siriri, wanda ya koyar da duk 'ya'yan gidan karatu tun suna ƙanana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira, kamar akwai wanda ya kamata ya amsa ban da masu gidan. Ya sa aka kunna fitila, ya zauna a ƙasa kusa da Auta, ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi ba ya ɗaga murya. Jikinta ya fara rawa, numfashinta yana fita da ƙyar, amma hannuwanta ba su saki akwatin ba.

"Ya isa, Malam," muryar ta ce. "Ba faɗa na zo yi da kai ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne ya riƙe mini ɗa, ni ma na riƙe masa tasa."

Mai gyara ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Faɗa mini yadda aka yi."

"A ɗakin can muke zaune, tun ba mai shigarsa. A cikin wannan akwatin na haihu. Ranar da ya zo ya ɗauka na fita nema, yaron yana barci a ƙaramin akwatin da ke ciki, mai fanka. Ya buɗe, ya share, ya rufe, ya ambaci sunan Allah a kai. Ka san abin da aka rufe da sunan Allah ba mu iya buɗe shi."

Nan take mai gyara ya gane. Akwatin wuta ne take nufi. Shi kaɗai ne wurin da ke iya kashe mutum a cikin kwamfuta, shi ya sa bai taɓa buɗe shi ko rufe shi ba sai da bismillah. Duk kwanakin nan ya kwance komai ya mayar, wannan ne kawai bai sake taɓawa ba.

"Duk sanda ya kunna, wuta ke cin bayansa," muryar ta ci gaba. "Sai ya kamo abin da ya samu ya riƙe har ta mutu. Na yi jifa, na yi kira. Yarinyar ce kaɗai ta ji."

"Za a buɗe miki yanzu," in ji Malam. "Ki fita daga jikinta."

"A fara buɗewa. Kuma ba zan tafi haka ba. Hannunta na dama zan ɗauka, madadin bayan ɗana."

Uwar Auta ta dafa bango.

"Ba za ki ɗauki ko farce ba," Malam ya ce, muryarsa ba ta canza ba. "Shi bai sani ba ya cuce ki. Ke da saninki kika shiga jikin wadda ta roƙa miki. Idan kin ƙi, zan koma karatu daga inda na tsaya, kin kuma san abin da ke gaba. Wa zai ɗauki yaron in kin ƙone?"

 A waje wani dutse ya faɗo, shi kaɗai, ba ƙarfi.

"To a bar mini ɗakin ajiyar."

"Gidan mutane ne. Tarkacen ciki dai za a kwashe a kai bayan gari inda ba mai wucewa, ki zauna a ciki in kina so. Ko ba haka ba?" Ya dubi mai gyara.

"Gobe da safe," ya ce da ƙyar. "Har da fankokin."

"Ki sassauta mata numfashi, ki sakar masa akwatin ya yi aiki," in ji Malam. "Da an ɗaga murfi, ki ɗauki ɗanki ki fita ta ƙaramin yatsan ƙafarta, ki rantse ba ke ba gidan nan."

Hannuwan Auta suka saki a hankali. Ƙirjinta ya ɗaga, iska ta shiga da ƙara.

Mai gyara ya jawo akwatin gaban fitila. Ya cire murfin gefe, ya zare wayoyi, ya ciro akwatin wutar. Da zafi yake har yanzu, ya fi yadda ya kamata, kuma ya fi nauyi. Ya sa sukurudireba. Notin farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ma. Na ƙarshe ya ƙi. Shi da kansa ya ɗaure shi tamau, yanzu kuma bakin sukurudireban ya zame ya cinye kan notin.

"Yana jinkiri," muryar ta ce. Numfashin Auta ya sake tsukewa, leɓɓanta suka fara canza launi.

"Ba jinkiri ba ne, notin ne ya lalace. Ki ba shi lokaci," in ji Malam.

"Ni wa ya ba ni?"

Ya jefar da sukurudireban, ya ɗauko filaya, ya kama gefen murfin ya lanƙwasa da ƙarfi. Ya san akwatin nan yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket, ya sha gargaɗin mutane a kai. Ya cusa yatsunsa ta ƙarƙashin ƙarfen ya ja. Wutar ta buge shi har kafaɗa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, bai saki ba. Murfin ya ɓalle.

Babu komai a ciki sai wayoyi da warin ƙuna. Amma ƙaramar fankar, wadda babu abin da ke ba ta wuta, ta juya a hankali, ta tsaya.

Hannuwan Auta suka miƙa, suka naɗe a ƙirjinta kamar an sa mata jariri. Kanta ya sunkuya. Muryar ta fara wani gunji ƙasa-ƙasa na rarrashi, jikin yana kaɗawa gaba da baya. Uwar Auta, da ke tsaye jikin bango, ta juya fuskarta tana share ido.

"Rantsuwar," Malam ya ce.

"Na rantse da wanda ya halicce ni da ku, ba ni ba gidan nan." Ta ƙara matse hannuwan a ƙirji. "In ya rayu."

"Ba haka muka yi ba. Sake faɗa."

Ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya karkaɗa. Jikinta ya saki, uwarta ta tare ta kafin kanta ya kai ƙasa. Malam ya sake kira, ya sake karatu, babu wanda ya amsa. Can Auta ta buɗe ido, ta dubi fitilar, ta dubi ubanta da ke riƙe da hannunsa.

"Mama, ruwa," ta ce da muryarta.

Washegari aka kwashe ɗakin ajiya tas, mai gyara ya ɗora akwatin wutar a saman kayan da kansa. Ya kawo wani daga shago ya sa wa kwamfutar. Da rana tsaka ya kunna ta, ƙofa da tagogi a buɗe. Layin ya tafi bai tsaya ba har ƙarshe, ta sake tashi da kanta, ta tambayi sunan mai ita. Bai kira kowa ya zo ya gani ba. Auta ta warware, ta fara karatunta. Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Yatsunsa biyu ne dai suka daɗe ba su jin taɓi.

Bayan wani lokaci ya haɗu da Malam a hanya, suka gaisa, suka jera suna tafiya. Sai da suka kusa rabuwa sannan ya tambayi abin da ke cin sa.

"Malam, yaron nan. Ya rayu kuwa?"

Dattijon ya tsaya ya dube shi.

"Don Auta kake tambaya?"

"Don ita. Amma ba ita kaɗai ba. Ni na riƙa danna maɓallin nan, Malam, ina jin kukansa ina cewa na kusa gano ta."

"Ban sani ba," Malam ya ce. "Ba su aiko mini ba. Amma ka ji muryar matar nan kamar yadda na ji. Da ya mutu, da tuni ta dawo, ba sai ka tambaye ni ba."

Mai gyara ya gyaɗa kai. Ya ce a sa su a addu'a, Auta da yaron duka, ya juya ya nufi gida tun rana ba ta faɗi ba.