Masaƙi da Kyanwar da Ta Hana Shi Barci

A wani zamani can baya, an yi wani masaƙi da ke zaune da kyanwarsa. Kullum da rana idan ta zo wasa, sai ya ce, "Tafi can, aiki nake yi." Sai ta je ta kwanta.

Dare na yi sai ta tashi, ta ture ƙwarya, ta taka masa fuska. Rashin barci ya sa saƙarsa ta lalace, masu saye suka guje shi.

Ya fusata. Ya kife ta da kwando, ta kwana tana kuka. Ya ɗaure ta, ta kwana tana kuka. Rannan ya jefa ta a buhu ya nufi daji yana faɗa: "Da gidana, da abincina, a hana ni barci?"

A hanya ya gamu da yayarsa, ya ba ta labari. Ta ɓata rai ta ce, "Ko kunya ba ka ji? Ka kore ta ta yini tana barci, da dare kuma me kake so ta yi?"

Ya juya gida da kyanwar. Da yamma ya ɗaura gashin kaza a igiya, yana ja tana bi har ta gaji, sannan ya ba ta abinci.

Da sassafe yayar ta zo tana kwaɗa sallama. Masaƙi ya leƙo rai a ɓace, ya ce, "Haba Yaya, a hankali mana. Barci take yi."