Sunan da Wuƙa Ta Ci

Magariba ta kawo jiki. An rufe ƙofar shagon ɗab'i ta bakin titi, saura ta ciki mai fita tsakar gida. Baba na zaune yana duban katin sana'arsa, wanda ƙaramar 'yarsa, Auta, ta zana a kwamfuta. Shekara ashirin yana buga wa mutane nasu, bai taɓa yin nasa ba sai yanzu. A ƙarƙashin sunansa ya sa ta rubuta nata, da ƙananan baƙaƙe: mai zane.

Auta ta yi aikin yadda ake so. Tsawo milimita tamanin da biyar, faɗi hamsin da biyar, daidai shiga walat. Ta bar rarar launi milimita uku a kowane gefe saboda wuƙa, ta ja rubutun ciki sosai don kada yanka ya taɓa shi. Baba ya yi ta jinjina kai.

"Wata shida kacal da fara aiki, amma yarinyar nan ta fi ni ido," in ji shi.

Yaya, babbar 'yarsa, tana tsaye gaban wuƙar yankan takarda. Shekara goma ita ke yanka duk abin da injin ya fitar, yatsunta duk tabo. Ta daidaita takardun a kan alama, ta danna.

Da aka ɗaga, kati ɗari biyu ne, kowanne awonsa daidai, sunan Baba lafiya lau. Sunan Auta kuwa ya sauko har bakin kati, wuƙa ta raba shi biyu. Suka duba kwamfuta, sunan na nan inda aka ajiye shi, nesa da baki. Ana cikin haka dutse ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Sai na biyu. Inna, mahaifiyarsu, ta leƙa waje, babu kowa, ko kaza.

Washegari Baba ya sake bugawa, ya yanka da hannunsa, don zuciyarsa ta zargi Yaya. Sunan ya sake fitowa a rabe. Daga ranar, da rana ta faɗi duwatsu ke sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A ɗakin takardu, inda ake jibge kwalaye, ana jin wani abu kamar shessheƙar mace, da an buɗe sai shiru da warin tawada. Gidan ya daina hira. Kowa na cin abinci kansa a ƙasa.

Rana ta biyar Auta na zaune gaban kwamfuta, yatsunta suka ƙage. Ta juyo a hankali ta dubi mahaifinta da idon da ba nata ba, ta ce da muryar tsoho, "Goge sunan nan."

Inna ta saki kwanon da ke hannunta.

Bayan la'asar aka zo da Malam, wani dattijo mara yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta riƙe kan Auta. Ya yi ta karatu har inuwa ta rufe bango, har Auta ta fara murɗewa tana toshe kunne.

"Daina, ka ƙona ni!"

"Wane ne kai?"

"Mai ɗakin takardu. Ina wurin tun ba a kawo injin ba."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni ba ta yi mini komai ba." Hannun Auta ya ɗagu, ya nuna Yaya da ke raɓe jikin ƙofa. "Waccan ta yi wa. Wata shida, kullum magariba, takan shigo ta zauna kan kwali tana kuka. Ta ce ita ta koya wa yarinyar riƙon takarda. Ta ce da baƙo ya shigo, Auta ake nunawa, ita kuwa sai a ce ta kawo kujera. Ranar katin ta ce, da ma wuƙa ta ci sunan. Na ci mata."

Baba ya juya ya dubi Yaya, ita kuwa ta dubi ƙasa.

"To ka yi ɓarna, ka zalunci wadda ba ta san ka ba," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita, amma a cire sunan."

"Ba kai ke buga kati a gidan nan ba."

"To a bar mini waccan, ta riƙa zuwa tana yi mini magana. Babu mai jin ta a gidan nan sai ni. Ku ina kuke? Yanzu da na faɗa, za ku ƙwace mini ita."

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, aljanin ya yi ƙara, amma bai saki ba. Can Malam ya tsaya, ya ce wa Yaya, "'Yata, ta ƙofarki ya shigo. Ke za ki rufe."

Yaya ta tako, ta durƙusa kusa da ƙanwarta.

"Na faɗa, ban musa ba. Har yanzu in na ga sunanta a katin nan, raina ɓaci yake yi. Amma ni na goya ta. Ban aike ka ba, kuma ba zan ƙara shiga ɗakin nan in yi kuka ba. Sake mini ƙanwata."

Sannan muryar ta fito a sanyaye. "Ke ma kora ta za ki yi?"

Ya roƙi kwana uku ya kwashe kayansa, Malam ya ce sai dai kafin a kira salla. Aljanin ya yi alkawarin komawa kango, nesa da mutane, ba zai waiwayo ba. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. A ɗakin takardu wani kwali ya faɗi, daga nan shiru.

Da Malam ya tafi, Baba ya zauna bakin tabarma, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Shekara goma ina tsaye a gabanka, Baba," in ji Yaya. "Sai da aljani ya faɗa sannan ka ji."

Auta ta buɗe ido, ta ce ƙishirwa take ji. Inna ta yunƙura, amma Yaya ta riga ta tashi.