Wilin Ɓerayen Naja'atu

Ranar da Naja'atu ta fara shiga shagon waldar Mannir a Funtua, takarda ce a hannunta, da zanen ɗan wili wanda ɓera zai riƙa gudu a ciki.

"Malama, mutane na neman maganin ɓera, ke motsa jiki za ki koya masa?" Ya faɗa yana dariya.

Ta yi masa bayani. Binciken digirinta na biyu ne. Ana raba jariran ɓeraye da uwarsu awa uku kullum, in sun girma sai su lafe a lungu, ko ruwan sukari ba ya burge su. So take ta gani ko maganin ciwon damuwa da gudu za su dawo da su daidai.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Awa uku kawai? Ni ina shekara uku aka raba ni da tawa. Har ta rasu ban sake ganin ta ba."

Tausayi ya fara shiga, so ya biyo shi a baya. Wili goma sha biyu ta nema, ya riƙa kai mata ɗai-ɗai don ya sami dalilin ganinta. Tana kiransa Maƙerina, shi kuma yana kiranta Uwar Ɓeraye. Bai ɓoye mata ba cewa shekara biyu ke nan yana karɓar maganin damuwa a asibiti.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Shitu ya sa a bincika. Labarin da ya iso gidansu a Malumfashi shi ne yaron na shan maganin masu taɓin hankali. Malam ya ce a bar zancen.

Mannir kuwa, don ya nuna lafiyarsa ƙalau, sai ya watsar da maganin. Kafin wata guda shago ya rufe, ko masallaci ba a ganin sa. Saƙo ya shigo wayarta: "Uwar Ɓeraye, ki yi haƙuri da ni. Dama ban saba a bar mini abin da nake so ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta amsa: "Maƙerina, ka koma wurin likita don Allah. Ina nan, ban je ko'ina ba."

Ta sami Malam a garken shanunsa, ta durƙusa. "Baba, ka tuna ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu, ya ƙi ci, ya ƙi shiga garke? Ba ka yanka shi ba. Ɗura ka yi masa, kullum kana jan sa kuna zaga gona."

Washegari Malam ya shiga motar Funtua, ya buga ƙofar Mannir da kansa. "Tashi, ɗana, mu taka." A ƙafa suka je asibitin.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da ango ya shiga gaida surukai, babu uwa a ɓangarensa da za ta sa masa albarka. Hajjo, mahaifiyar amarya, ta dube shi ta ce, "Ka zo gida, Mannir. Nan ba mai ɗauke ka. Allah ya yi muku albarka."

Naja'atu tana bayan labule ta ji shi yana kuka kamar ɗan shekara uku.